Gudun Asuba Ko Wasan La'asar: Wane Lokaci Ya Fi Gina Jikin Yaro?

Uba ya lura ɗansa mai shekara 14 ya fara tara teɓa, ko bene ya hau sai ya tsaya yana haki. Nan take ya kafa doka: daga gobe, da an sallame sallar asuba, sai gudu. Uwar kuwa ta ce a'a Alhaji, a bar yaron nan ya ɗan runtsa kafin makaranta, in ya so da yamma ya tafi filin ƙwallo. Dukansu alheri suke nufin yaron da shi, kuma kowanne yana da hujja. Sai dai hujjojin ba nauyinsu ɗaya ba. In matashi ake magana, ni ina bayan uwar. Amma akwai yaran da safiya ce ta fi musu, akwai kuma waɗanda tambayar ma ba ta shafe su ba tukuna.

A fara da awo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na kimanin minti 60 a kowace rana, irin wanda zuciya za ta ƙara bugu, numfashi ya ƙaru, gumi ya tsattsafo. Sannan aƙalla kwana 3 a mako a haɗa da mai tsanani da kuma wanda ke ƙarfafa tsoka da ƙashi, kamar tsalle, kokawa, hawa bishiya da gudun tsere. Hanya mai sauƙi ta gane ko motsin ya kai: in yaro yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, ya shiga matsakaici. In ko maganar ma sai da yankewa, ya kai mai tsanani. A cikin ƙa'idojin nan babu inda aka ce ƙarfe kaza. Kuma ba dole ne a yi mintunan a zama ɗaya ba, ana iya tara su kaɗan-kaɗan.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yawancin yara ba sa kaiwa ko kusa. Binciken da masanan hukumar suka wallafa a 2019, wanda ya tattara bayanan ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin ɗari na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan awa ɗaya. A 'yan mata kashi 85 ne, a maza 78. Wani masani daga Ostireliya, Grant Tomkinson, ya gabatar a 2013 cewa yaran zamanin nan suna ɗaukar ƙarin kusan daƙiƙa 90 kafin su gama gudun mil ɗaya, idan aka gwada su da iyayensu a lokacin da suke tsararsu. Saboda haka duk lokacin da yaro ya samu, da babu gara ba daɗi. Maganar zaɓen lokaci ta wanda yake da damar zaɓe ce.

Yamma: lokacin da jiki ya fi shiryawa

Jikin ɗan Adam yana da agogonsa. Zafin cikin jiki yana sauka ƙasa sosai wajen ƙarfe 4 zuwa 5 na asuba, sannan ya riƙa hawa a hankali har ya kai ƙololuwa tsakanin la'asar da magariba. Bambancin da ƙyar yake kai digiri ɗaya, amma tsoka tana jinsa. Tsoka mai ɗumi ta fi saurin amsawa, gaɓoɓi sun fi sakewa, mashigar iska a huhu ta fi buɗewa. Shi ya sa a gwaje-gwajen tsalle, gajeren gudu da ƙarfin damtse, mutum ɗaya yakan fi abin kirki da yamma fiye da sassafe. Yaron da ya fita bayan la'asar zai iya yin gudu mai tsanani, ya daɗe yana yi, kuma bai ji wahalar kamar yadda zai ji ta da asuba ba. Juriyar zuciya da huhu kuwa tsananin motsi ne ya fi gina ta, ba yawan yawo a hankali ba.

Akwai shaidar da ta shafi yara kai tsaye. A Jami'ar Illinois ta Amurka, Charles Hillman da abokan aikinsa sun ɗauki yara 221 masu shekara 7 zuwa 9, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya suka riƙa yin wasannin motsa jiki bayan an tashi daga makaranta har tsawon wata 9, ɗayan kuma suna jiran layi. Da aka wallafa sakamakon a 2014, waɗanda suka yi wasan sun fi ƙaruwar juriya, sun kuma fi iya tattara hankali da sauya tunani daga wani aiki zuwa wani. Wanda ya fi halarta, ya fi amfana.

Amma ni a ganina babbar falalar yamma ba a cikin tsoka take ba, a cikin abokai take. Yaro ba ya son "motsa jiki", wasa yake so. Ka ce masa ya zagaya fili sau biyar shi kaɗai, a na uku zai fara ɗingishin ƙarya. Ka jefa ƙwallo tsakaninsa da tsararrakinsa goma, sai ladan ya kira magariba ana roƙonsa ya taho gida. A awa ɗaya ta ƙwallo ko langa zai yi tsere, ya tsaya, ya juya, ya yi tsalle, ya faɗi ya tashi, duk abin da hukumar can ta lissafa ya yi shi ba tare da ya san yana yi ba. Abokan nan kuwa da yamma ake samunsu.

Matsalar yamma ita ce kowa yana sonta. A garuruwanmu yaro yakan dawo daga boko wajen ƙarfe 2, ya ci abinci, ƙarfe 4 yana Islamiyya, bai dawo ba sai dab da magariba. Wani kuma ga malamin lesin yana jira, ga aike, ga tsaron shago. Rana kuwa a Kano ko Damagaram tsakanin ƙarfe 6 da 7 take faɗuwa duk shekara, ba irin ƙasashen Turai ba ne da hasken bazara ke kaiwa ƙarfe 9 na dare. Wato lokacin da jiki ya fi shiryawa shi ne lokacin da ya fi ƙaranci. Ba ina cewa a taɓa karatun addini ba. Abin da nake roƙo shi ne a duba jadawalin da idon basira: Alhamis da Juma'a da yawancin Islamiyoyi ke hutu, a bar wa yaro yammacinsu cur, kada a cusa wani abu. Sauran ranakun kuma ko minti 30 ne tsakanin tashi da kiran salla, a bar shi ya yi su a waje da ƙafarsa, ba a bayan babur ko kan waya ba.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato, Maiduguri da Yamai ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, kuma ƙarfe 4 ƙasa tana nan tana huci. A irin wannan lokaci "yamma" na nufin ƙarfe 5 ta gota, da gorar ruwa a gefen fili. Yaro in wasa ya yi daɗi mantawa yake da ƙishirwa, sai babba ya tsayar da wasan ya ce a sha.

Safiya: amfaninta na gaske da kuma kuɗin da ake biya

Masu cewa da sanyin safe ake kama fara ba su yi ƙarya ba. Safiya tana da abubuwa uku da yamma ba ta da su. Iska da sanyi-sanyi. Babu baƙo, babu aike, babu abin da zai zo ya cinye lokacin. Sannan hasken safe da ke shiga ido shi ne yake saita agogon jiki, yana jawo lokacin jin barci ya dawo da wuri. Masu bincike a birnin Basel na Suwizalan sun gwada wannan a kan matasa 51 'yan kimanin shekara 18: rabinsu suka riƙa gudun minti 30 kowace safiya a ranakun makaranta har mako 3. Sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna barcinsu ya inganta, sun fi saurin yin barci, kuma sun fi nutsuwa da rana.

Ga kuma amfanin aji. Hillman ɗin nan, tun a 2009, ya nuna cewa yara 'yan shekara 9 zuwa 10 da suka yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 20 sun fi mai da hankali, sun kuma fi ƙoƙari a gwajin karatu jim kaɗan bayan tafiyar, fiye da ranar da suka zauna kawai. Wannan wartsakewa ta ɗan lokaci ce, don haka wanda ya yi motsinsa dab da shiga aji shi ke cin moriyarta. Japanawa sun daɗe da riƙe al'adar: tun 1928 ake watsa atisayen safe a rediyo, har yau gidan rediyon ƙasar, NHK, yana sa shi da ƙarfe 6:30, kuma a hutun bazara yaran unguwa kan taru a fili su yi tare, a buga wa kowa tambari a katinsa. Amma a lura, minti 10 ne, miƙe-miƙe ne da lanƙwasa, ba gudun fitar rai ba.

To ina aibin? Barci. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi mai 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Da balaga ta zo, sinadarin da ke kawo barci, wanda likitoci ke kira melatonin, yakan jinkirta fitowa da awa ɗaya zuwa biyu. Matashin da kuke gani idonsa biyu ƙarfe 11 na dare ba duka ne laifin waya ba, ko da yake waya tana ƙara ta'azzara abin. Jikinsa ne ya matsar da darensa gaba. Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa kada makarantun sakandare su fara darasi kafin 8:30, jihar Kalifoniya kuma ta mai da shi doka ga manyan sakandare daga 2022.

Yanzu a yi lissafi a gida. Matashi ya kwanta 11, an tashe shi salla 5:30. Awa 6 da rabi ke nan. Ɗan barcin da yake komawa bayan salla shi ne yake rage masa giɓi. In aka ƙwace shi aka ce gudu, an ba shi minti 30 na motsi an karɓe awa guda ta barci, kuma Hausawa sun ce ba a cin bashin barci. A cikin barci ne jiki ke sakin mafi yawan sinadarin girma, a nan tsokar da ta wahala take gyaruwa. Wani bincike da aka yi a kan ɗalibai 'yan wasa a Kalifoniya, aka wallafa a 2014, ya gano waɗanda ke barcin ƙasa da awa 8 sun fi saurin jin rauni da ninki 1.7. Ga shi kuma da asuba jiki bai gama sakewa ba, ciki babu komai. Irin wannan doka da wuya ta wuce mako biyu, kuma abin da ta fi bari a zuciyar yaro shi ne ƙin gudu.

Lokacin hunturu ma sai an yi hattara. Iskar asuba mai sanyi, busasshiya, ga ƙura, tana tayar da asma. Yaro mai sikila kuma sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya mai tsanani duk suna iya tayar masa da ciwo. Waɗannan biyun ba a hana su wasa, suna buƙatarsa, amma a jira hantsi ya ɗaga, a fara a hankali, a kuma bi abin da likitansu ya tsara.

Ba duk matasa ne masu raba dare ba. Akwai wanda tun yana ƙarami ƙarfe 9 ya yi barci, da asuba ya tashi garau. Masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun nuna a 2015 cewa 'yan wasa masu sammako sun fi ƙoƙari wajen tsakar rana, 'yan tsaka-tsaki wajen ƙarfe 4, masu raba dare kuwa sai wajen 8 na dare, kuma su waɗannan na ƙarshe ƙoƙarinsu na iya bambanta da kashi 26 cikin ɗari tsakanin safe da dare. Sannan jiki yana sabo: wanda ya jure atisayen safe na makonni, ƙarfinsa na safe yakan matso kusa da na yamma. Saboda haka ɗan sammakon da ke samun cikakken barcinsa, a bar shi da safiyarsa.

Akwai wata safiyar da ba ta cin barcin kowa, ita ce tafiya makaranta a ƙafa ko a keke. Kilomita ɗaya da rabi da ɗan sauri kusan minti 20 ne. Zuwa da dawowa, an ci kashi biyu cikin uku na awar nan. In hanya tana da aminci kuma akwai abokan tafiya, ban ga abin da ya fi wannan araha ba.

Lokacin makaranta

Wannan ba a hannun iyaye yake ba, a hannun shugabannin makaranta yake, amma shi kaɗai ne lokacin da ke riskar kowane ɗalibi, mai gata da marar gata, namiji da mace. A 2012 wata shugabar firamare a garin Stirling na Sikotland, Elaine Wyllie, ta ga ɗalibanta ba sa iya zagaya fili ba tare da sun galabaita ba. Sai ta sa kowane aji ya riƙa fita na minti 15 kullum, a guje ko a sassarfa, cikin kayan makaranta, a lokacin da malamin aji ya ga ya dace. Ba kuɗi, ba kayan aiki. Abin da ake kira Daily Mile ke nan, kuma ya bazu zuwa dubban makarantu a ƙasashe da dama. A Finland kuwa an saba ba yara hutun minti 15 bayan kowane darasi na minti 45. Fita cikin hasken rana tana da wata riba ta daban: a birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 a waje kowace ranar makaranta, bayan shekara 3 kashi 30 cikinsu ne suka kamu da matsalar rashin hangen nesa, a sauran makarantun kuwa kusan kashi 40.

A wurinmu lokacin da ya dace da wannan shi ne kafin ƙarfe 10, ko nan da nan bayan asambuli. Wasan motsa jiki da ƙarfe 12 ko 1 a watan Afrilu cutarwa ce. Kuma ina roƙon malamai da babbar murya, a daina mai da gudu da tsallen kwaɗo horo. Yaron da aka saba sa shi zagaya fili don ya makara, ya riga ya koyi cewa gudu azaba ce.

Bayan isha'i

Wasan dare ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Da farin wata 'yan mata na gaɗa a dandali, samari na langa da kokawa. Yanzu kuma ga filayen ƙwallo masu fitila a birane. An daɗe ana cewa motsa jiki da dare yana hana barci, amma da masana a birnin Zurich suka tattara bincike 23 da aka yi a kan manya, sun ga ba haka abin yake ba, sai fa in motsin mai tsanani ne kuma an gama shi ƙasa da awa ɗaya kafin kwanciya. Don haka ga matashi, wasan da zai ƙare 8:30 a kwanta 10 babu laifi. Wanda za a tashi 10:30, a zo a yi wanka, a ci abinci, a ɗauki waya, ya koma cin barcin da muke ƙoƙarin karewa. Ƙananan yara kuwa a wannan lokaci shimfiɗa ce tasu. Ga kuma batun tsaro da sanin su wa yaro yake tare da su, wanda kowane gida ya fi kowa sanin unguwarsa.

A watan azumi lissafin yana juyewa. Matashin da ke azumi, wasa mai tsanani ya bari sai awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki. In kafin magariba ne, ya zama mai sauƙi kuma dab da shan ruwa. Ƙwallon hantsi da bakin azumi a bazara kasada ce.

To wanne za a ɗauka?

Yaron da bai kai shekara 10 ba, kada a wahalar da kai wajen tsara masa lokaci. Motsinsa guntu-guntu ne: ya ruga, ya tsaya, ya sake rugawa. Abin da yake nema tsakar gida ko ƙofar gida ce, da abokai, da kashe talabijin. Zai tara awarsa da kansa tsakanin safe da magariba.

Matashi mai nauyin barci, wanda shi ne mafi yawa, babban wasansa ya zama bayan la'asar, safiya kuma ta tsaya a tafiyar makaranta. Wanda Islamiyya ko sana'a ta cinye masa yamma, a raba masa: minti 20 da safe bayan gari ya waye, abin da ya samu a hutun tara, sannan Alhamis, Juma'a da safiyar ƙarshen mako a yi mai tsanani. In dole sai gudun asuba, to a fara gyara daren: a karɓi waya, a matso da kwanciya zuwa 9:30, a yi mako guda a haka kafin a sayi takalmin gudu. Ya kuma sa wani abu a ciki, ko ayaba ɗaya ce ko rabin kofin koko, ya yi minti 5 zuwa 10 yana ɗumama jiki.

'Yan mata su ne suka fi shiga zuciyata a wannan magana. Da yarinya ta kai 12 ko 13, filin unguwa ya rufe mata, yammacin da ɗan'uwanta ke ƙwallo ita tana gaban murhu. Shara da wanke-wanke aiki ne, suna gajiyarwa, amma ba kasafai suke sa zuciya bugun da ake nema ba. Alhali shekarun nan ne ƙashinta ke tara mafi yawan ƙarfin da za ta rayu da shi, kuma tsalle da gudu ne ke gina shi. Ita lokacinta duk sa'ar da aka keɓe mata ne, a tsakar gida ko harabar makarantar mata: igiyar tsalle, 'yar gala-gala, gaɗa da ƙawaye. Minti 15 na tsallen igiya ba wasa ba ne, duk wanda ya gwada ya sani. Amma sai uwa ta ce, "Ajiye tsintsiyar nan, je ki yi wasanki," kuma uba ya goya mata baya.

Duk lokacin da kuka zaɓa, ku gwada shi na mako 6. A ranar farko ku auna wata tazara da kuka sani, misali zagaye huɗu na filin makaranta, ku rubuta mintunan da yaron ya yi. Ku maimaita bayan mako 6, a daidai wannan sa'ar, tunda ƙarfin safe da na yamma ba ɗaya ba ne. Ku tambayi malaminsa ko yana gyangyaɗi a aji, ku kuma lura ko shi yake ɗaukar takalminsa da kansa ko sai an yi ta kira. In mintuna sun ragu kuma ba ya barci a aji, lokacin ya karɓe shi. In yana gyangyaɗi, a mai da wasan yamma.